Maiƙo a Kan Ruwan Kifayensa

Mijina mai yankan gilashi ne. Yana haɗa tagogi da ƙofofi a wani ɗan shago da ke bakin titi a unguwar Gwallaga, tafiyar ƙafa daga gidanmu. Da ragowar gilashin wani aiki ya haɗa tankin kifi da hannunsa, ya ɗora shi a kan teburin ƙarfe a falo, daidai inda na daɗe ina tanadin ajiye kabad ɗin kwanukana. Mun yi rigima a kan wurin nan, kuma ni na sha kaye. Na ce masa ban taɓa jin inda mai hankali ya kawo kifi gida, ya ciyar da shi, ya share masa ɗaki, sannan ya ce ba na ci ba ne. Ya ce ai ni ma shekara da shekaru yana ciyar da ni bai cinye ni ba. Haka yake. Ba ya ɗaga murya, sai dai ya ajiye miki magana guda, ya sa hularsa ya fita, ki wuni kina neman amsarta.

Tankin bai kai tsawon dardumar salla ba. Tsakuwar da ke ƙasansa daga bakin dam ɗin Gubi ya tsinto ta, ya zauna ya wanke ta kamar shinkafar biki. Akwai jajayen kifaye masu faffaɗar wutsiya, da wasu baƙaƙe ƙanana marasa zama wuri ɗaya, da wani mummuna da ba shi da aiki sai manne wa gilashi yana lasa. Akwai kuma ɗan inji mai hura kumfa, wanda ya haɗa wa batir saboda ɗaukewar wuta. Duk Juma'a idan ya sauko daga masallaci sai ya tuɓe babbar riga, ya ɗauko bokiti da tiyo ya hau gyaran ruwa. Ni kuwa in zauna a kujera ina tsintar wake ina yi masa tsiya. Ina kallo, amma ban taɓa tambayarsa dalilin komai ba. Ina ni ina koyon aikin da mai shi yana nan?

Cikin bazara ya faɗi a shago, ma'auni na hannunsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da safe na zuba masa koko, da la'asar aka fita da shi a makara. Ba zan tsaya a kan wannan rana ba, don har yanzu ba na iyawa.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba ado, ba turare. 'Ya'yanmu biyu ne, mata, duk suna aure a wasu garuruwa. Sun zauna har aka yi sadakar bakwai, sannan na kore su da kaina, don kowace ta baro yara. Dangi suka ga bai kamata a bar ni ni kaɗai ba, sai aka ce Inna ta zauna da ni. Inna mahaifiyar mijina ce, tsohuwa siririya mai ƙaramar murya, gidanta yana cikin gari. Aka kawo mata ƙullin kayanta da butarta, na gyara mata ɗakin da ke kallon falo.

Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, irin masu yi wa ɗan fari kunya har ƙarshen rayuwa. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Idan ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "mai gidan nan". Idan ya je gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta kawar da kai ta amsa kamar baƙo ne ya zo tambayar hanya. Kunyar har ni ta shafa. Kusan shekara talatin ina surukarta, sunana a bakinta "'yar nan". Duk wannan ban taɓa ɗaukarsa bakin komai ba. 'Yar garin nan ce ni, haka na tashi na ga tawa uwar tana yi wa yayana.

Amma na zaci mutuwa tana ɗage wannan doka. Ba ta ɗage ba. Ranar da aka fita da shi, ni ana rirriƙe ni, ƙannensa suna kuka, Inna tana zaune a tabarma a gindin gwaiba tana jan carbi, idonta ƙamas. Mata suka riƙa durƙusawa gabanta suna yi mata ya haƙuri, sai ta nuna musu ni da haɓa ta ce, "Ga mai rashi can." An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na tambayi fuskar Inna har na gaji, ba ta ba ni komai ba. Haushinta na ji, ba kaɗan ba. Dama ni mai saurin fushi ce, yaran da na koyar a firamare shaida ne, ga baƙin ciki ya zo ya ƙara min. Na riƙa cewa a raina, wace irin kunya ce wannan da ta fi ƙarfin ɗan da mutum ya haifa? Muna cin abinci a tabarma ɗaya, muna salla kafaɗa da kafaɗa, amma maganarmu ba ta wuce ta zafin gari da ta tsadar tumatur.

Sai da gida ya yi shiru na lura da tankin sosai. Ina ba su abinci dama, daga ɗan gwangwanin da ya bari, amma ido rufe nake yi, don kallon wurin yana sa ni kuka. Wata safiya hasken taga ya faɗo a kan ruwan, sai na ga wani maiƙo ya rufe samansa, irin wanda ke kwanciya a kan miya idan ta huce. Ruwan kansa ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, har tsakuwar ƙasa ba ta fita sosai. Kifayen duk sun taso sama, sun jera bakuna suna buɗewa suna rufewa. Kumfar injin ma ba ta fashewa, sai ta taru a gefe ta tsaya. Washegari na tarar da ɗaya daga cikin baƙaƙen yana yawo a kife.

Na ɗauke shi a tafin hannuna, bai kai ɗan yatsana ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ya fi ƙarfin kifi. An riga an fara maganar shago da wanda zai riƙe shi, rigunansa an ce za a ba da sadaka, babur ɗinsa yana jiran rabon gado. Tankin nan ne kaɗai ba wanda ya tambaya, kuma shi ne kaɗai abin da ya bari a gidan da ke numfashi. Na ce wa kaina ko me za a yi, kifayen nan ba za su ƙare a hannuna ba.

To, amma ga ni a ɗaure. Ba damar in shiga keke in je kasuwar Muda Lawal in yi tambaya, ban ma san wa zan tambaya ba. Allah Ya sa akwai Sista, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, malamar asibiti, Kirista daga kudancin jiha. Mijinta ne ya ba mijina kifayen farko, su ma suna da tanki, kuma ita ke kula da nasu tun da aka yi wa mijin canjin wurin aiki. Na buga mata waya, ta shigo da kayan aikinta a jiki, ko gida ba ta biya ba. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne a wurinta, mun saba.

Ta sunkuya ta daɗe tana duban ruwan, sannan ta ce, "Malama, wannan mai ne. Ya rufe sama, iska ba ya shiga, shi ya sa suna haki. Ka samu tsohon jarida, ka shimfiɗa a kai a hankali, ka ɗaga, zai kwashe. Ruwa kuma kar ka canja duka, kashi ɗaya cikin uku kawai. Na famfo ka bari ya kwana a bokiti tukuna, saboda magani da suke sa masa. Sabulu kar ya zo kusa. Abinci kaɗan-kaɗan, abin da za su cinye nan take. Ka gane ba?"

Na ce na gane. Jarida kuwa akwai ta tuli a bayan ƙofa, da ita yake raba tsakanin gilasai kada su karce juna. Sista ta nuna min yadda ake jan ruwa da tiyo, da yadda ake matse soson injin a cikin ruwan da aka zuƙo daga tankin, ba a ruwan famfo ba. Duk abubuwan da na sha gani yana yi ne ina yi masa dariya.

Ranar farko abin har ya ba ni sha'awa. Na shimfiɗa jarida, na ɗaga, sai ga maiƙon ya biyo ta, saman ruwa ya buɗe. Na sake, na sake. Na rage ruwa na ƙara wanda ya kwana. Kafin magariba kifayen sun sauka ƙasa suna harkarsu. A karon farko tun rasuwar na ci tuwo na ji ɗanɗanonsa. Amma washegari kafin azahar maiƙon ya dawo, kamar ban yi komai ba.

Haka muka yi ta yi. In kwashe, ya dawo. In canja, ya sake yin fari. Na rage musu abinci, har na sa su azumin yini guda bisa shawarar Sista, duk a banza. Na hana soya komai a kicin ɗin da ke kusa da falo, na mayar da girki tsakar gida. Na daina shafa ko man kaɗe a hannu. Wata goggona da ta zo gaisuwa ta leƙa ta ce ai wannan ba abin wahala ba ne, a jefa alif kawai, yadda ake yi wa randa idan famfo ya kawo jan ruwa da damina. Har na aika an sayo. Allah Ya taimake ni na fara nuna wa Sista, ta karɓe ta jefa a aljihu ta ce idan ina so in huta da su gaba ɗaya ne, to in sa. Daga nan zargina ya koma kan mai ga-ruwa, don jarkokinsu na man gyaɗa ne kafin su zama na ruwa. Na tsaya a bayan ƙyaure na wanke shi tas, bawan Allah yana ta rantsuwa cewa jarkokinsa sun fi shekara ba su ga mai ba. Inna tana jinmu daga ɗakinta. A cikin waɗannan kwanaki baƙaƙen suka ƙare, mai lasar gilashi ma ya bi su, sai jajayen suka rage.

Sista ta dawo wata yamma ta ce in ba ta tiyon. Maimakon ta ja ruwa daga sama, sai ta cusa bakinsa can cikin tsakuwa. Abin da ya fito cikin bokiti ya ba ni mamaki, wasu 'yan gutsattsari farare da suka kumbura suka fara ruɓewa. Ta ɗebo a yatsa ta murza, ta kai hanci.

Ta ce, "Malama, ruwa ba ya tsami banza. Wannan ba abincin gwangwani ba ne. Shinkafa ne, da mai. Wani yana sa musu abu."

Na ce, "Wa zai sa? Daga ni sai Inna a gidan nan. Ita kuwa ko falon ba ta shiga. Tun yana raye take cewa wasan yara ne."

Sista ta ajiye tiyon. Ta dubi labulen ɗakin Inna, ta ɗauki bokitin ta fita ta zubar a gindin gwaiba.

Karin kumallon Inna ba ya canjawa. Kullum da safe ana kawo mata masar shinkafa daga wurin wata mai suya a bayan layinmu, ta ci da ɗan ruwan shayi. Ni kuma idan hantsi ya ɗaga nakan shiga wanka, kuma ni mai daɗewa ce, musamman a lokacin, don banɗaki ne wurin da nake kukana ba mai gani. Washegarin zuwan Sista na ɗauki bokiti na shiga kamar kullum, na rufe ƙofa da ƙara, sannan na buɗe a hankali na dawo ba takalmi. Na tsaya a jikin tagar falo ta tsakar gida, inda labule ya ɗan yaye.

Tana tsaye a gaban tankin. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da rabin masa. Ta riƙa marmasa ta da yatsu, ƙanana-ƙanana, yadda ake yi wa yaron da bai gama haƙori ba, tana sakawa a ruwa. Jajayen suka taso suka kewaye hannunta, da gani sun san shi. Ta tsoma yatsunta har gaɓa ta biyu, babban cikinsu ya zo yana tsattsaga abin da ya maƙale. Sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Ci mana. Ci, ka ji? Kai ba ka ƙoshi da wuri, na sani."

Ba kuka take yi ba. Murmushi take yi, wani iri da ban taɓa gani a fuskarta ba duk zamana da ita. Da masar ta ƙare ta goge hannu a zanenta, ta sa gefen mayafi ta share inda numfashinta ya taɓa gilashi, ta koma ɗaki da sauri irin na tsofaffi.

Na koma banɗaki na zauna a kan bokiti. Haushin da na yi makonni ina dakonsa ya zube, kunya ta maye wurinsa, da wani tausayi mai ciwo. Ashe makokinta ke nan. Ni ina da tabarmar karɓar gaisuwa, ina da banɗaki, ina da 'ya'ya masu bugo waya mu yi kuka tare. Ita ba ta da komai sai rabin masa da ɗan lokacin wankana. Kuma wannan rabin masar ce ke kashe min kifaye.

Na yi shiru da bakina. Na ce bari in gwada bin bayanta: ita ta ba su, ni in kwashe. Ina fitowa daga wanka sai in jira ta shiga sallar walaha, in zo da jarida da tiyo in hau aiki kamar ɓarauniya a gidana. Na ƙara yawan bokitan da nake kwanar da ruwa a ciki, har tsakar gida ta koma kamar gidan mai wanki. Mun ɗan jima a haka, kowa da nata sirrin. Amma zafin bazara ya tsananta, wuta ta yi ta ɗaukewa har batir ya gaza, ruwan ya fi ƙarfina. Ɗaya daga cikin jajayen ya mutu. Sannan babban nan, wanda mijina ya fi so, wanda yake ƙwanƙwasa wa gilashi idan ya shigo tun kafin ya amsa sannuna, ya fara kwanciya a karkace, yana tashi da ƙyar.

Na gaya wa Sista abin da na gani. Ta share ido da bayan hannu, amma ba ta ɓoye min ba. Ta ce, "Malama, ko ka rufe falo da makulli, ko ka gaya wa Mama. In ba haka ba wannan babban ba zai kai sati ba."

Kulle falo ban iya ba, ai kamar na ce mata ɓarauniya ne. Gaya mata kai tsaye ma ba zai yiwu ba. Na wuni ina juya abin, har na ga kamar na samo dabara. Ba zan hana ta ba. Zan ma ba ta aikin ne gaba ɗaya, ta riƙa yi a sarari, ba sai ta jira na shiga wanka ba. Na ga kamar kyauta zan yi mata.

Bayan la'asar tana zaune a tabarma, na zo na durƙusa na ajiye gwangwanin a gabanta.

Na ce, "Inna, wata alfarma nake nema. Kifayen nan, mantuwa ta yi min yawa kwanan nan. Ko za ki taimaka ki riƙa ba su abinci da safe? Ga shi nan, ɗan kaɗan ake ɗiba da yatsa biyu. An ce abu mai maiƙo kamar su masa yana ɓata musu ruwa."

Dole in faɗi maganar ƙarshen, don idan ban faɗa ba za ta iya haɗa musu duka biyun. Amma tana fita daga bakina na ga carbin ya tsaya a hannunta. Ba ta dube ni ba. Ta dubi gwangwanin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ja mayafi ta ƙara rufe gefen fuskarta, yadda take yi idan ɗanta ya shigo.

Ta ce, "To, 'yar nan."

Shi ke nan abin da ta ce. Washegari na shiga wanka na daɗe fiye da kullum, na fito na tarar da gwangwanin a kan taga inda ta ɗora shi, ba a buɗe ba. Da mai kawo masar ta yi sallama, Inna ta ce a bari, cikinta ba ya so. Ba ta sake taka ƙofar falo ba. Idan za ta wuce sai ta bi ta jikin ɗaya bangon. An gan ta, kuma wadda ta gan ta matar ɗan ce. Ni na ɗauka buɗe mata ƙofa na yi, ita kuwa a wurinta tsirara na yi mata.

Bayan 'yan kwanaki ta ce ƙafafunta sun matsa mata, tana so ta koma cikin gari kusa da mai yi mata magani. Na roƙe ta. Na ce zan sa a kawo mai maganin har gida, na ce gidan zai yi min faɗi. Ta ce, "Kin warware ai, ga maƙwabta na kirki Allah Ya ba ki. Allah Ya ba da ladan haƙuri." Aka kira keke. Na riƙe mata ƙullinta har soro, nan iyakata, mai takaba ba ta wuce nan. Na tsaya a bayan ƙyaure ina jin ƙarar keken har ya sha kwana.

Ruwa kuwa ya gyaru. Cikin mako guda farin ya washe, maiƙon bai sake dawowa ba. Babban ya miƙe ya koma cin zalin 'yan uwansa. Sista ta shigo ta ga tsakuwa tana ƙyalli, ta ce, "Ka gani ba?" Na ce na gani. Ina iya hango tsagar bangon da ke bayan tankin ta cikin ruwan, tsabar haske. Na samu abin da na nema, kuma ban taɓa jin gidan ya yi min shiru kamar lokacin ba. Har yau idan na zauna ina auna abin, ban san hanyar da zan bi in tsira da su duka biyun ba.

Ƙanwar mijina, autar Inna, ta zo ɗaukar butar da dardumar da aka manta. Mu biyu muna wasa da juna tun ina amarya, don haka na zaunar da ita na kwashe komai na gaya mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yaya, kin san ba a hannun Inna ya tashi ba ko?"

Na ce na sani, a wurin kakarsa ya girma, a ƙauye. Ya sha ba ni labarin ƙauyen, da rafi, da kamun kifi da ƙwarya. Kullum daga bakinsa nake jin labarin, kuma a bakinsa labari ne mai daɗi.

Ta ce, "Ranar da aka yaye shi aka zo aka ɗauke shi. Ita lokacin yarinya ce, ba ta isa ta ce a'a ba, ko rakiya ba ta yi ba don kada a ce ba ta da kunya. Tun daga ranar ba ta sake ba shi abinci da hannunta ba. Idan ya zo hutu sai ta jiƙa shinkafa tun jiya, ta tashi ta yi suyar masa, ta ce ita ce take sha'awa. Sai ta zuba a kwano ta ba mu ta ce mu kai wa baƙin da ke soro. Baƙo ɗaya ne a soron, Yaya, duk mun sani."

Shekara nawa ina saya masa masa ranar Asabar, ina yi masa tsiyar cewa ba ya gajiya da ita, ban taɓa tambayar inda ya samo son ba.

Na ce mata idan ta isa gida ta kira ni, ta ba Inna wayar. Da na iya fita, da a ƙafa zan tafi in durƙusa a ƙofar ɗakinta, amma saura fiye da wata biyu in fita takaba. Kafin magariba wayar ta yi ƙara. Muka gaisa, ta tambaye ni ya haƙuri, na tambaye ta ƙafa. Sannan na yi ƙaryar da na shirya tun rana.

Na ce, "Inna, kifayen nan sun ƙi cin na gwangwanin. Tun da kika tafi ba sa cin komai, hannunki suka saba da shi. Ki dawo don Allah, ki ba su duk abin da kika ga dama."

Sai da na duba ko wayar ta katse. Ina jin kukan awaki a gidan, da wani yana jan ruwa a rijiya. Can sai ta yi magana, muryarta daidai, kamar mai ba da labarin wani gida.

"Ki bar su, 'yar nan, za su saba. Shi ma da aka kai shi ya yi kwanaki bai ci komai ba. Aka aiko aka gaya min. Na ɗauki mayafi zan tafi, aka ce in zauna, zai saba."

Ta ɗan tsaya.

"Kuma ya saba."

Ta miƙa wa 'yarta wayar. Inna ba ta sake kwana a gidan nan ba.